Ranar da Na Jera wa Turawa Siki

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Fabrairu ba, ko da na so in manta. Shekara biyu ke nan, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara da gaskiya: ni ba mai ilimi ba ne. Aji huɗu na yi a lakwal a Damagaram aka sallame ni, kuma ban ga laifin wanda ya sallame ni ba. Shekara ashirin da ƴan kai ina sayar da takalma a butik ɗin wani Alhaji a Château Rouge, nan Paris. Da safe in buɗe in jera, da maraice in kwashe in rufe. Gwiwa ta gaji, baya ya gaji, mai su ma ya gaji. Abu guda na iya a duniya: in ga ƙafar dama in nemo mata ta hagu. Mai saye ya watsa mini takalma goma a ƙasa ya fita bai sayi ko ɗaya ba, kafin ya kai bakin metro na mayar da kowace wurin ƴar'uwarta. Hannuna ke yi, ba ya ma shawara da ni.

Ɗiyata Zalika (sunan mahaifiyata ne, da ƙyar na rubuta shi, ni Mamana nake ce mata) ita ta yi karatun da ban yi ba. Ta gama ta samu aiki a Lyon, a wani kamfani da ke gwajin ruwan sha. Kada ku tambaye ni yadda ake yi, na dai ga farar riga da kwalabe. Sai dai aikin na gwaji ne, wata shida. In sun cika, shugabarta, wata Madam Silbi, ita za ta ce ko a ba ta kwantara ta dindindin ko ta kama gabanta. Kuma takardar zamanta a ƙasar nan jikin aikin take rataye. A lokacin da nake ba ku labari saura mako guda.

A wannan makon ne ni kuma na ga ya dace in hau jirgin ƙasa in je duba ta. Ashe Asabar ɗin kamfaninsu na da fita ta shekara, za su je dutsen ƙanƙara su da iyalansu. Madam ta ji baban Zalika yana gari, ta ce a zo da shi.

Muna shirin fita Mamana ta tsaya ta dube ni.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Inda na aje ka, nan zan tarar da kai. Ka sha shayi, ka kalli dutse."

"To ina zan je? Dutse ne fa."

"Ban sani ba. Na dai san ka."

Bayan asuba muka shiga kar, doguwar motar nan, mu wajen talatin. Madam Silbi doguwa ce siririya, furfura a aske gajere, irin mutanen da ba ka gane ko sun ji daɗi ko ba su ji ba. Ta gaishe ni da mutunci. Na miƙa mata dabino, ta ɗauki biyu, ta ce mersi. Na ce a raina to, an fara da kyau.

Muka isa. Ashe sanyin Paris wasan yara ne. Suka ce in gwada sulu a kan ƙanƙara, na ce gwiwa ɗaya ta rage mini mai aiki, kuma da ita nake ci da iyali. Sai aka sa ni a wani akwatin gilashi da ke rataye a waya, ya haura da ni har ƙololuwa, inda akwai gidan abinci mai baranda. Can aka aje ni. Daga ƙarfe goma har azahar shayi uku na sha, ina kallon tsofaffin da suka girme ni suna wucewa kamar iska, ni ina zaune da leda a cinya.

Da lokaci ya yi na shiga na yi alwala, na samu wani lungu na yi salla. Kafin in fito mutanenmu duk sun sauko sun cika tebur. Mamana ta yafito ni, ta riƙe mini kujera. Na leƙa na ga kwalabe a jere da wani cuku da aka narka, warinsa har ƙofa. Na yi mata alama zan sha iska, na fita da burodina da kilishina.

Siki, ga wanda bai taɓa gani ba, wasu dogayen katakai ne sirara guda biyu, kowace ƙafa da nata, a ɗaura a sulalo daga kan dutse. Ba a shiga da su wurin cin abinci. A waje ake barin su, a jingine jikin wasu ƙarafa kamar na ajiye kekuna, ba kwaɗo ba mai tsaro. A Barbès, can kusa da butik ɗinmu, ko lema ka aje ka juya baya, to kun yi sallama.

Abin da na gani a jikin ƙarafan nan ya dame ni. Ja an haɗa shi da baƙi. Dogo da gajere. Wani kore a nan, ɗan'uwansa can ƙarshen layi ya jingina da wani rawaya. Na ce yunwa ce, sun sauko a gajiye, kowa ya watsar ya ruga ciki. Turawa da duk tsarinsu. In sun fito sai an yi rigima.

Na sa hannuwa a aljihu. Wallahi na sa. Na taka har bakin baranda na kalli dutse kamar yadda aka umarce ni. Na dawo. Jan nan da baƙin nan suna nan yadda na bar su.

Kuma tunda na ce gaskiya zan faɗa, akwai wani abu. Tun safe ni kaɗai ne marar amfani a kan dutsen nan. Na so Madam ta fito ta ga komai a jere, ta tambayi wa ya yi, a ce mata baban Zalika ne. Ta ce ashe gidan tarbiyya yarinyar ta fito. Har na hango ta tana sa hannu a kwantara. (Mutum mai shekara hamsin da huɗu ke wannan tunanin, ku lura.)

Na fara da ja. Siki ya fi takalmi nauyi amma ya fi shi sauƙin haɗi, launi ne da tsawo da lamba kawai. Jikina ya ɗau ɗumi, na manta da gwiwa. Cikin rabin awa na haɗa sun fi ashirin. Ban san waɗanne ne na mutanenmu ba, don haka na kowa na yi, ban nuna bambanci ba.

Sai guda ya gagare ni. Fari fat, da siririn layi ruwan zinari, an jingina shi da wani shuɗi na haya da duk ya kankare. Ko ni da ban san siki ba na gane wannan ba sa'an sauran ba ne, kamar yadda kake taɓa fata ka san ba roba ba ce. Ɗan'uwansa babu. Na bi layi sau uku. Na leƙa ƙarƙashin baranda. Da wani ne da ya haƙura. Ni na zagaya bayan ginin, ƙanƙara har ƙwauri, takalmin gari a ƙafata, na bi ta wajen shara, na leƙa bayan wani tarin itacen wuta. Ga shi nan a tsaye, shi da ɗaya shuɗin. Na ce kai, wannan wane irin sakaci ne. Na rungumo su na dawo ina haki, ina jin kaina kamar na ci jarrabawa.

Ina haɗa fararen biyu sai wani mutum ya matso. Tun ɗazu na gan shi jingine yana shan taba yana kallona. Cikakkiyar shiga: hular kwano, gilashin da ya rufe rabin fuska, baƙar riga.

"A, ka samo mini shi. Mersi, shef."

Shekara ashirin a ƙasar nan ba wanda ya taɓa ce mini shef, wato maigida, sai mai neman ragi. Na ce ya dakata. Na kwance ƙyallen wuyana na goge masa ƙanƙarar tas. Na zaro igiyar takalmi daga aljihu (kullum akwai, ko ranar Idi) na ɗaure masa su sama da ƙasa. Na ɗora masa a kafaɗa. Sannan, da ɗan Faransancina na kasuwa, na yi masa nasiha, na ce gaba ya riƙa kula da kayansa. Ya ce ina da gaskiya. Ya shiga akwatin gilashi ya sauka, ina ɗaga masa hannu.

Bai fi minti biyar ba mutane suka fara fitowa. Na gyara tsayuwa, shuɗayen nan biyu a hannuna, ina jiran yabo.

Wata mata ta je inda ta bar nata ba ta gani ba, ta fara kiran mijinta. Wani ya tsaya yana juye-juye. Wani ya ce an taɓa kayansa. Muryoyi suka fara tashi, amma ba irin tashin da na zata ba. Sai wani mai jan gemu ya nuna ni, ya ce shi ne, tun daga taga ya gan ni ina kwasa. Kafin in buɗe baki ya riƙe mini hannu. Ku duba hoton da kanku: baƙin mutum, ba kayan sulu a jikinsa, siki biyu a hannu, leda a rataye. Ni kaina da na ga haka da na kira ƴan sanda.

Mai gadin wurin, wani ƙato mai jar riga, ya kai ni wani ɗan ofishi a bayan kicin. Tebur ɗaya, kujera biyu, da allon kamara. Ya karɓi takardata ya juya ta gaba da baya.

"Da wa ka zo?"

Nan gabana ya faɗi. Ba kaina na tuna ba, ni na riga na tsufa, duk abin da za a yi a yi. Mako guda na tuna. In na ambaci kamfanin, za a kira Madam daga kan abinci a ce mata an kama uban ma'aikaciyarta da kayan mutane.

"Ni kaɗai."

"Kai kaɗai ka hau nan, ba siki, da wannan takalmin?"

"Ina son iska."

"Ba ka san kowa ba a nan?"

"Ko mutum ɗaya."

Ya rubuta. Yana cikin rubutu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam Silbi ce ta shigo, fuskarta ba annuri, Mamana na biye da ita. Sun zo ne su faɗa an ɗauke sikin Madam, fari mai layin zinari. Ba su san ina ciki ba.

Mai gadi ya nuna ni da biro. "Mun riƙe mutum ɗaya. Ya ce shi kaɗai ya zo, bai san kowa ba. Kun taɓa ganinsa?"

Madam ta dube ni. Matar da ta ci dabinona biyu da safe. Ta juya ta dubi Zalika, tana jira.

Na yi wa Mamana alama da ido ta yi shiru. Ban san me nake tsammani ba, ko Madam za ta manta fuskata ne. Ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta ce da Faransanci, a fili, "Mahaifina ne." Ta juyo gare ni da Hausa, a hankali. "Baba, ni ce ba ka sani ba?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Mai gadi ya ce to, ga ƙarya ta farko, bari mu ga sauran. Ya kunna bidiyon kamara. Muka tsaya mu huɗu muna kallo. Ga ni nan ina aiki kamar an biya ni. Ga ni na ɓace bayan gini. Ga ni na dawo da farin siki a rungume kamar jariri. Ga mai baƙar riga. Ga ni ina gogewa. Ga ni ina ɗaurewa, har na ja igiyar da haƙori don ta yi ƙarfi (ban ma tuna na yi haka ba). Ga ni na ɗora masa. Ga ni ina ɗaga yatsa ina masa nasiha. Ga ni ina ɗaga hannu, ina murmushi har kunne.

Injin wanke kwanoni kawai ake ji ta bango.

"Abokinka ne?" in ji mai gadi.

"Ban san shi ba. Wannan karon da gaske."

"To me ya sa ka haɗa masa?"

Na ce ba shi kaɗai na haɗa wa ba, na kowa na haɗa, don na tarar an watsar da su. Mamana ta rufe ido.

"Baba, ba watsarwa aka yi ba. Da gangan ne. In za ku shiga cin abinci kai da abokinka, sai ka ba shi ƙafa ɗaya ya ba ka ɗaya, ku aje nesa da juna. Ɓarawo ba ya ɗaukar ƙafa ɗaya, kuma ba shi da lokacin neman ɗayar. Madam ni ta zaɓa muka yi musaya. Shuɗayen da aka kama ka da su nawa ne. Kuma nan ba a taɓa sikin wani, ko faɗuwa ya yi sai dai ka ɗaga shi inda yake."

Na ce ni ina zan san wannan.

"A butik ɗinku, takalman da kuke fitarwa bakin ƙofa, ƙafa nawa-nawa ne?"

"Ɗaya-ɗaya."

"Don me?"

Ni ne ma na koya wa Alhaji dabarar.

Madam ta tambayi me muke cewa. Na so Mamana ta rage, ba ta rage ba, ta fassara duka har da maganar butik. Mai gadi ya yi tari ya juya baya, kafaɗunsa na motsi. Madam ba ta yi dariya ba.

Da ya gama tarinsa ya ce zai kira jandarma, don dole a rubuta ƙara. Ya tambayi Madam ko ta ce mutum biyu ne ko mutum ɗaya. Ya riƙe biro yana jira. Na kalli Mamana, ita ƙasa take kallo, ta damƙe safar hannunta. Na karanta duk abin da na haddace.

"Mutum ɗaya," in ji Madam. "Wannan shaida ne. Shi kaɗai ya ga ɓarawon kusa."

Na buɗe baki in yi maganar biyan kuɗin sikin, ta ɗaga hannu, na rufe.

Ku ce an gama? Ba a gama ba. Wanda ba shi da siki ba ya sauka daga kan dutsen nan sai ta akwatin gilashi. Mamana ta tsaya sa hannu a takardu. Ni da Madam aka rufe a akwati ɗaya, gwiwa na fuskantar gwiwa, ƙasa can nesa a ƙarƙashinmu. Matar da aka ce tun tana yarinya take sulu a dutsen nan, yau tana sauka a zaune kamar kaya. Na ce pardon Madam sau uku. Tana kallon waje. Sai da muka yi rabi ta yi magana.

"Bayan ginin ka je?"

"I, Madam."

"Bayan itacen?"

"I, Madam."

"Shekara goma sha ɗaya nan nake ɓoye shi. Ba wanda ya taɓa gani."

Sai na ji bakina ya ce ai wurin yana da kyau, sai dai ana hango kan sikin ta saman itacen. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta mayar da kanta waje. Har muka sauka ba ta ƙara ba.

A kar Mamana ba ta ce mini uffan ba har Lyon. Washegari ta raka ni tasha, ta saya mini ruwa, ta ce in gai da Alhaji. Shi ke nan.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Litinin ba kira. Talata ba kira. Laraba na ba wata mata ƙafar dama biyu a kwali, ni, sai da ta dawo daga Clichy-sous-Bois ta zazzage mini. Alhaji ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Na ce mura ce. Ban gaya wa kowa ba. In yarinyar nan ta rasa aikinta, da wane baki zan gaya wa uwarta cewa ni ne, kuma da igiyar takalmi?

Juma'a bayan masallaci waya ta yi ƙara. Na fita bakin titi. Ko gaisuwa ban iya ƙarasawa ba.

"Mamana, yaya?"

"An sa hannu, Baba."

Na jingina da bango.

"Sikin fa?"

"Ba a samu ba."

"Ba ta ce komai a kaina ba?"

"Tambaya ɗaya ta yi mini kafin ta miƙo biro. Ta ce ko kai ka koya mini aiki."

"Kika ce me?"

"Na ce i mana. Wa zan ce?"

"Sai ta ce me?"

"Ta ce ta ga alama, ba na barin abu sai na ga ƙarshensa. Ta ce amma daga yau, duk abin da na gani a karkace a wurin aikin nan, kafin in miƙe shi in zo in tambaye ta tukuna."

Na ce matar nan ta yi gaskiya. Mamana ta ce ita ma haka ta gani, kuma ta ce in riƙe rabin saƙon, don ba ita kaɗai aka aiko wa ba.

Na riƙe. Yanzu duk inda na je na ga abu ba daidai ba, sai in tuna mai shi ba lallai wawa ba ne, wataƙila ya fi ni sanin ɓarayin unguwarsu. In hannuna ya fara ƙaiƙayi sai in tura shi aljihu in nemi wanda zan tambaya. Shi kuwa mai baƙar riga, duk inda yake, na tabbata tunda ya fara sana'arsa bai taɓa samun ma'aikaci irina ba.